Kasuwar Masana: Yadda Maganar Nima Ta Zaga Duniya

 

A shirinmu na tarihi na makon jiya na kawo labarin wani taron malaman jami'a. Ban gama rufe baki ba sai ga waya daga kasuwar shanu ta Turaku, can Ashaiman. Wani dattijo ne. Ya ce, "Yaro, mu da ke fama da tsadar dusa da shingayen hanya, ina ruwanmu da taron 'yan boko? Su shiga ɗaki mai sanyi, su sha shayi, su tafa wa juna, su watse. Ko akuya ɗaya taronsu ya taɓa haifa mana?" Na ce, "Baba, a yi mini haƙuri zuwa mako." To ga abin da na samo. Na sa shi a takarda don wanda shirin ya wuce shi ya karanta, ko ya ba yaro ya karanta masa.

Da farko dai, Baba bai yi ƙarya ba. Akwai taron da ba a tashi da komai sai hotuna da jakar ratayawa. Amma wanda aka yi tsakani da Allah, kasuwa ce, ku kuwa kun fi kowa sanin amfanin kasuwa. Mai kiwon sa a turke, wata shida yana ɗura masa dusa da harawa, a idonsa duk ƙasar babu sa kamar nasa. Sai ranar da ya kai shi kara, dillalai suka kewaye shi, wannan ya taɓa tozo, wancan ya buɗe baki ya duba haƙora, aka jera shi da na wasu, sannan zai san abin da ya kiwata. Haka malamin jami'a yake. Ya yi shekara biyu ko uku yana bincike shi kaɗai, ya zo taro a ba shi kamar minti ashirin ya karanta abin da ya gano, sannan a yi masa ca da tambayoyi. Wani ya nuna masa inda ya yi tuntuɓe tun bai buga kuskuren a littafi ba. Wani ya ce masa, ai takardar da kake nema na gan ta a Sakkwato. A nan ƙaramin malami ke samun ubangida, kamar yadda yaron fatake ke samun fatoma a baƙon gari. Daga nan takardar ta shiga mujalla ko littafi, ita ake ƙirga masa ranar ƙarin girma. Wanda ba ya zuwa, ko ya fi kowa ƙwazo, wata rana zai tarar yana tallar abin da kasuwa ta daɗe da wucewa.

Wannan ribar masu taron ke nan. Tamu fa? Sai mun koma watan Disamba na 1962.

Gana na da shekara biyar da samun 'yancin kai, masana daga ƙasashen Afirka da Turai da Amurka da Tarayyar Sobiyat suka hallara a Jami'ar Gana da ke Legon, daga ranar 11 zuwa 18 ga wata. Daga Nima zuwa wurin, in babu cunkoso, ko awa guda ba za ka yi a trotro ba. Shi ne karon farko da masu nazarin Afirka na duniya suka yi babban taro nasu na kansu. Kafin nan, 'yar kusurwa ake tsakura musu a cikin taron masu nazarin ƙasashen Gabas, kamar mai kasa kaya a bakin rumfar wani. A irin wancan taro, wanda aka yi a Mosko a 1960, suka yanke shawarar su ware su kafa tasu rumfar, kuma a ƙasar Afirka. Wanda ya shugabanci taron na Akra, ko Ankara in ji iyayenmu na zango, shi ne Kenneth Dike, masanin tarihi ɗan Najeriya, shugaban Jami'ar Ibadan. Kwame Nkrumah da kansa ya buɗe shi. Har da W.E.B. Du Bois, dattijon masani baƙar fatar Amurka, yana da shekara 94, wanda ya tare a Akra don haɗa babban kundin sanin Afirka. Bayan wata takwas ya rasu, kabarinsa na nan a unguwar Cantonments.

Me zai sa shugaban ƙasa ya ajiye aikinsa ya je buɗe taron malamai? Saboda a wancan zamani, a manyan jami'o'in Turai, akwai masu koyar da cewa baƙar fata ba shi da tarihi. Ba a ko shekara da tashi daga taron ba, a 1963, Hugh Trevor-Roper, babban farfesan tarihi na Oksfod, ya tsaya a Jami'ar Sussex ta Ingila, ana nuna shi a talabijin, ya ce in ban da abin da Turawa suka yi a Afirka, sauran duhu ne. Ku riƙe sunan Sussex ɗin nan, za mu dawo kansa. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce wai ba mu bar rubutu ba.

Amsarsu kuwa tana kwance a cikin adakokin malaman zango.

A shekarar taron, Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon, wadda Thomas Hodgkin ke shugabanta, ta fitar da jerin rubuce-rubucen Larabci da aka samu a Gana. Sunan mutum uku ne a kan jerin: Hodgkin, da Ivor Wilks, da Alhaji Usmanu Isyaku Boyo, wani malami daga Kintampo. Ni a wurina na ukun nan shi ne ƙashin bayan aikin. Ku duba mana, wane Bature ne zai yi sallama a zauren malami ya ce a buɗe masa adakar kakanni, a buɗe? Alhaji Boyo ne ya bi gari gari, malami malami, da mutuncinsa da sanayyarsa, ya aro takardu, a ɗauki hotonsu a Legon, a mayar wa masu su. Cikin 'yan shekaru aka tara ɗaruruwa: tarihin sarakuna, wasiƙu, salsalar malamai, waƙoƙi, wasu da Larabci, wasu da Hausar ajami.

Daga cikin waɗanda rubutunsu ya fi yawa a tarin akwai Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda wasu ke kira Alhaji Umaru Salaga. Fatake, wannan naku ne. A Kano aka haife shi wajejen 1858, asalin gidansu Kabi, ya taso yana karatu yana bin hanyar Gwanja. Ya zauna a Salaga, babbar kasuwar goro ta wancan lokaci, da yaƙin basasar 1892 ya watsa garin sai ya koma Kete Krachi, ya zama limami, a can ya rasu a 1934. Tun yana saurayi ya rubuta littafin koyar da yadda ake rubuta wasiƙa, abin da duk falke ke bukata a zamanin da babu waya. Ya yi waƙa a kan zuwan Nasara, ya yi a kan talauci, ya yi a kan annobar murar 1918. Ya kuma rubuta bayanin ƙasar Hausa da Hausa, nomanta da sana'o'inta da kasuwancinta. Malaman zango sun san shi sarai, almajiransa sun bazu ko'ina. Jami'o'i ne dai kaɗan daga cikinsu suka san da shi. Tsohon garin Kete Krachi ma yanzu yana ƙarƙashin ruwa, tun da aka datse kogin Volta a Akosombo.

Ranar 25 ga Oktoba 1963, da Nkrumah ya je buɗe Cibiyar a hukumance, sai da ya ambaci takardun nan na Larabci da Hausa a jawabinsa, ya ce sun tono wata al'adar ilimi da ba a san da ita sosai ba a ƙasar. Bayan wata uku, a Janairun 1964, aka yi wani taron a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a kan Musulunci a Afirka, aka gabatar da takardar Wilks a kan matsayin Musulmi a Kumasi a farkon ƙarni na 19, tun Ingila ba ta ci ƙasar ba. Haka abin ke tafiya: takarda ta fito daga adaka a zango, ta shiga Legon, ta hau teburin taro a Zariya, ta shiga littafi, daga littafi ta shiga aji. Yau in wani ya ce maka Bahaushe ko Musulmi baƙon jiya ne a Gana, kana da abin nuna masa.

Sai dai kada in yi muku daɗin baki. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Ku tambayi duk dattijon Nima ko Mamobi ko Sabon Zango, zai gaya muku yadda aka yi gwanjon gidaje da rumfuna, aka cika manyan motoci zuwa Aflao. Fiye da mutum dubu ɗari suka fita, cikinsu har da waɗanda a Gana aka yanke musu cibiya. A watan da wa'adin ya cika, Disamban 1969, masana suna zaune a Kwalejin Fourah Bay ta Firitawun, babban birnin Saliyo, suna taro a kan kasuwanci da kasuwannin gargajiya na Afirka ta Yamma. A nan aka tattauna wata takardar Wilks a kan yadda sarakunan Asante suka tafiyar da hulɗarsu da fataken Hausa a ƙarni na 19, da ta Abner Cohen a kan yadda fatake baƙi ke riƙe amana tsakaninsu, shi da ya yi bincikensa a Sabo ta Ibadan cikin masu shanu da goro. Ana can ana tabbatar da daɗewar fatake a ƙasar, ana nan ana loda jikokinsu a mota. Busia kuwa ba jahili ba ne, farfesa ne, a Legon ɗin ma ya koyar. Takardar taro ba ta tare ko mota ɗaya ba.

Makiyaya ma sun ga irin wannan. A Disamban 1972 aka yi taron masana a Yamai a kan kiwo a Afirka, fari na tsakiyar cin Sahel. Littafin taron, wanda Théodore Monod ya tace, bai fito ba sai 1975. Kafin nan garkunan da za su mutu sun mutu.

Amma akwai takarda guda da ta fito daga Nima, ta bi ta ɗakin taro, ta dawo ta same ku har bakin boda, ko kun sani ko ba ku sani ba.

Nima dai shanu ne suka kafa ta. A 1931 Malam Amadu Futa, Bafulatani mai fataucin shanu, ya karɓi fili daga hannun gidan Odoi Kwao na Osu don dabbobi su huta su yi kiwo kafin a shiga da su kasuwa. Har yau akwai unguwar da ake kira Ruga a wajen Kanda. Mutane suka yi ta sauka a gefensa, Hausawa da Zabarmawa da Moshi da Kotokoli da mutanen arewacin Gana, har wuri ya cika maƙil. A 1965 wani ɗalibi daga Jami'ar Kambirij ta Ingila, Keith Hart, yana da shekara 22, ya zo nazarin rayuwar Farafara, mutanen wajen Bolgatanga da suka zo ci-rani. Bai zauna a Legon yana aike ba, cikin Nima ya tare, ya yi aikinsa tsakanin 1965 da 1968. Zuwa da kai, an ce, ya fi saƙo.

A lokacin, masana tattalin arziki na kallon biranen Afirka da ido guda: mai albashi shi ne mai aiki, wanda ba shi da albashi zaman banza yake. Da wannan ma'auni, yawancin Nima marasa aiki ne. Hart ya duba ya ga ba haka ba ne. Mutanen da takarda ta ce ba su da aiki tun asuba suke fita. Ga mai koko, ga tela, ga wanzami, ga mai wanki, ga ɗan dako, ga dillali, ga mai lambu, ga mai kasa kaya a tire. Mai albashin ma albashin ba ya kai shi ƙarshen wata, sai ya haɗa da wata sana'a ko biyu, da bashi, da taimakon 'yan'uwa.

A watan Satumba na 1971 aka kira taro a kan rashin aikin yi a biranen Afirka, a Cibiyar Nazarin Ci Gaba da ke Jami'ar Sussex, wurin nan da aka taɓa cewa tarihinmu duhu ne. Hart ya tashi a gaban manyan masana tattalin arziki ya karanta takardarsa a kan Nima. Ya ce mutanen nan aiki suke, ku ne ba ku da ma'aunin da zai gan su. Ya raɗa wa hanyoyin samunsu suna da kalmar da masu Turanci ke cewa infomal, masu Faransanci su ce amformel, wato abin da ba ya cikin rajista da tsarin hukuma.

Ku ga yadda magana ke gudu a ɗakin taro. Manyan malamai biyu na wannan cibiya, Hans Singer da Richard Jolly, su ne suka jagoranci ayarin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tura Kenya. Rahotonsu ya fito a 1972 ɗauke da kalmar, har suna ba gwamnati shawarar ta daina korar masu ƙananan sana'o'i da rushe musu rumfuna, ta sassauta musu lasisi, ta tallafa musu. Ita takardar Hart ba ta fito a mujalla ba sai 1973. Wato maganar baki a taro ta riga bugun ɗab'i isa kasuwa, har mutane da yawa suka ɗauka daga Kenya kalmar ta samo asali. Daga nan sai ta bazu. A 1993 masu ƙididdigar ƙwadago na duniya suka tsayar mata da ma'ana a taronsu na Janiba, don kowace ƙasa ta iya ƙirga masu irin wannan sana'a. A 2015 Ƙungiyar Ƙwadagon ta fitar da shawara mai lamba 204 a kan yadda za a shigo da su cikin rajista. Duk sanda ka ji minista a rediyo yana maganar 'yan infomal, ko aka zo Paga ko Sinkasi ko Jibiya da takardar tambayoyi ana ƙirga buhunan da ke ƙetare iyaka, to jikar maganar Nima ce ta zo gaishe ka.

Shi Hart taron ya yi masa rana, sunansa ya shiga duniya tun bai kai shekara talatin ba. Mu fa? A ganina riba da hasara ne a haɗe. Ribar ita ce an daina ƙirga mai sana'a cikin 'yan zaman kashe wando, aka fara lissafa guminsa cikin arzikin ƙasa. Hasarar kuwa iri biyu ce. A jerin da Hart ya yi, ya raba halal da haram: ga masu sana'ar gaskiya a gefe guda, ga 'yan fasa-ƙwauri da masu sayen kayan sata da 'yan caca a ɗaya gefen. Amma suna ɗaya ya lulluɓe su duka, kuma da kalmar ta shiga ofisoshi, ba kowa ke tuna rabon ba. Shi ya sa wani jami'in yake kallon mai buhun albasa goma da idon da yake kallon ɗan sumoga.

Ta biyun ta fi ci mini rai. Kalmar na nuna kamar harkar ba ta da tsari. Alhali fa? Bafatake ya kawo shanu daga Sahel, ya sauka gidan fatoma, fatoma ya ba shi makwanci da abinci, ya haɗa shi da dillali, mahauci ya ɗauki sa bashi, fatoma ya tsaya lamuni, la'ada sananniya ce, in rigima ta taso ga sarkin zango. Babu sa hannu, babu tambari, amma dukiya mai yawa na yawo a kan kalmar baki. Wannan tsari ya girmi kwastan, ya girmi iyakokin da kansu. Masana ma sun san haka: Polly Hill, wadda ta yi aiki a cibiyar nan ta Legon kafin ta koma Batagarawa ta Katsina, ta rubuta yadda masu masauki da dillalai ke tafiyar da kasuwar shanu ta Kumasi, aka buga a 1966. Ilimin yana nan, amma kalmar da ta fi sauƙin ɗauka ita ta yi nisa. Na tabbata da a ce akwai fatoma guda daga Nima a ɗakin nan na Sussex, da tafinta a gefensa, da ya ɗaga hannu ya ce a sake suna.

Ba fatoma kaɗai ke rasa kujera ba. Har gobe, da yawa daga manyan tarurrukan nazarin Afirka a Turai da Amurka ake yin su. Malamin Legon ko Zariya ko Yamai sai ya nemi kuɗin jirgi da na masauki da suka fi ƙarfin albashinsa, ya bi layin biza, wani lokacin a hana shi, a tattauna ƙasarsa ba ya nan. Ku da kuka san zafin tsayuwa a boda da kaya masu lalacewa, kun san abin da nake nufi. Taron 1962 ya yi 'ya'ya, an yi na biyu a Dakar a 1967, na uku a Adis Ababa a 1973, daga baya abin ya yi sanyi. A Oktoban 2013, wajen bikin cikar Cibiyar Legon shekara 50 da buɗewa, masana suka kafa Ƙungiyar Nazarin Afirka ta Afirka don a riƙa yin taron a gida. Sun yi na farko a Ibadan a 2015, na biyu a Akra a 2017.

To Baba na Turaku, ban ce taronsu ya haifa maka akuya ba. Amma na roƙi shugabannina a tasha, sun kuma amince, duk ranar da aka sake irin wannan taro a Legon a kan kiwo ko cinikin kan iyaka, za mu je da na'urar ɗaukar magana. Ku aiko da tambayoyinku da Hausa ko Fulatanci ko Zabarmanci, ta hannun wakilanmu na kasuwanni ko ku bugo lokacin shiri, mu za mu juya musu, mu kawo muku amsa da muryarsu. Tambayar Baba ce za mu fara yi musu, yadda ya faɗe ta, har da akuyar.